Farin Ƙyalle

Ɗaga haɓarka kaɗan.
Cire hular, ba sa son ta.
Kunnuwa su fito, duka biyun.
Kada ka yi murmushi, Malam,
ƙasar da za ka ba ta san ka da dariya ba tukuna.

Shekara sha ɗaya ke nan ina faɗin haka
a ɗan shagon nan na Gawon Nama,
ni da farin ƙyallen da na kafe da ƙusa huɗu
da fankar da ke kwashe zafin Sakkwato daga wannan kusurwa ta kai waccan.
Mai son fita duniya nan yake fara zama,
kan kujerar robar da aka ɗaure wa ƙafa da waya.

Na ɗauki ma'aikaciyar jinya da za ta je renon tsofaffin wasu,
nata tsohon na kwance a Mabera.
Na ɗauki direban da aka ce wa
ya kawo shaidar kuɗin da ya tara a banki,
ya ce, "Da ina da su, me zan je nema?"
Tumba kuwa sau uku tana zuwa.
Kowane zuwa sun canja girman hoton,
kowane zuwa kumatunta sun ƙara faɗawa.

Sahabi ma nan ya zauna.
Ƙanena, mai bi mini.
Ranar dariya ta ƙi sakin sa,
sau biyar ina ɗauka yana ɓatawa.
Na ce, "Kai, tuna bashin da aka ciwo maka."
Ya tuna.
Hoton ya yi kyau.

Bizar shekara biyu, aikin ɗinki a Jidda.
Mai gidan aikin ya karɓi fasfo, ya ce ajiya ce.
A shekara ta uku igama ta mutu.
Haka suke faɗi, wai takarda ta mutu,
ga mai ita na numfashi a ɗaki ɗaya da mutum takwas,
yana taka keke da dare,
ya haddace kukan kowace mota da ke tsayawa a bakin layi.

Bara, ana tsakiyar cirar albasa, Baba ya cika.
Na kira shi.
Ya ce, "In na fito, ƙofar za ta rufe a bayana.
Wa zai biya wa yaran makaranta?"
Ban amsa ba.
A maƙabarta na ɗaga waya sama,
fuskarsa na tsinkewa tana dawowa,
ya tambaye ni ko an jera itacen daidai.
Na ce an jera.

Inna ba ta san igama ba.
Ta zaci sunan wata mace ce da ta riƙe mata ɗa.
Na ce takarda ce, Inna.
Ta ce, "Takarda? To a rubuto wata mana,
ba ga Malam Attahiru da tawada ba?"
Ita da ta ga ubanta na kora jaki daga Illela,
ya ci kasuwar Ƙonni, ya dawo kafin magariba,
ba wanda ya taɓa ce masa ya nuna kunne.

Cikin hotunan da suka ɓaci na wanke ɗaya:
baki a buɗe, ido ɗaya a rufe, wushirya a waje.
Babu ofishin da zai karɓe shi.
Na liƙa shi a bango, bayan ƙyallen,
daidai inda keyar mai zama take jingina.

Waye na gaba?
Shigo, samari. Ina aka nufa?
To, Allah ya sa da rabo.
Goge zufar nan.
Dube ni.
Kada ka motsa.