Nauyin Iska

Ranar Talata ta iso mana Cikaji,
Malama Lantana daga Samaru,
riƙe da baƙar jaka irin ta wanzamai.
Muka ce allura ce, wasu suka sulale bayan buhuna.
Ta ce ba jinin kowa ya kawo ta ba,
ta zo ne ta ɗebi iska.

Baba Nalado ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Ga ta nan fal, yarinya, ba ta da mai ita,
kwashi iya abin da kanki zai ɗauka."

Ni ta zaɓa, don ni ke bakin injin gurza
inda auduga ke rabuwa da angurya.
Ta ɗaura min ɗan famfo a ƙugu,
bai fi sandar sabulu ba,
ta biyo da siririn tiyo ta gadon bayana
zuwa wani ɗan gwangwani a wuyan riga,
taƙi guda daga hanci.
A cikinsa wata farar aba, fatar albasa ta fi ta kauri.
Na ce mene ne sunanta? Ta ce matata.
Baba ya ce, "Yahuza, yau ka yi aure ba sadaki."

Ba ta kula shi ba.
"Jiya na auna ta, tun ba ta san duniya ba.
Lita biyu famfon zai ja duk minti.
Kar ka toshe, kar ka hura.
In za ka alwala, zo in rubuta lokaci.
Sauran kuwa, yi aikinka yadda ka saba, haka."

Wuni guda yana gurnani a ƙuguna.
Sai na ji kamar an yi min ƙane mai huhu ɗaya
wanda ke shaƙar duk abin da na shaƙa.
Ni nakan fyace, in tofar, in ce ya wuce.
Shi ba ya tari, ba ya yafiya,
tarawa yake, ƙwaya bisa ƙwaya,
kamar mai kanti da littafin bashi.

Ta kafa wani a kan sanda, tsakiyar zauren.
Wata matatar kuma ko buɗe ta ba ta yi ba,
ta wuni a jaka, a jaka za ta koma:
shaida ce, kar a ɗora wa injinmu laifin hanya.
Ta dubi daɓen da helima ya sa aka yayyafa wa ruwa da asuba,
abin da rabonmu da gani tun bara,
ta rubuta wani abu, ta ce za ta sake zuwa
ranar da ba wanda ya shirya mata haka.

Da la'asar ta kwance ni.
Farar nan ta safe ta koma launin toka.
Ta toshe bakinta, ta manna mata lamba,
za ta kai ta ɗakin da ma'auni ke zaune cikin gilashi,
inda numfashin mutum kaɗai kan rikita lissafi.

Baba Nalado ya matso, wannan karon ba dariya.
Shekara ashirin da shida yana nan.
Duk Litinin ƙirjinsa kan ɗaure kamar bakin buhu,
a gida suna ce masa fuka.
Ya ce, "Ta wuni ɗaya ke nan?"
Ta ce, "Awa takwas."
Ya dafa haƙarƙarinsa.
"Tawa tana nan ciki, Malama. Ba ta kwantuwa."

Mako uku ke nan. Takarda ta zo, tana ofis.
An ce za a sa bututun zuƙa a kan injina,
an raba mana takunkumi, nawa har ya tsinke.
Ban san adadin da ma'aunin ya faɗa ba.

Amma da yamma, in na hau keke na nufi Kwangila,
nakan tsinci kaina ina ƙirga numfashi,
ina jin ƙugu wayam, wurin da ƙanen nan ya zauna.
Da can na ɗauka iska ba ta da nauyi.
Yanzu na san dakonta nake,
kuma ba a biyan lada a kan wannan ɗauka.