Haihuwa a Maraɗi, Suna a Teku

Shekara talatin ina auna ruwa
a bakin filin jirgin Maraɗi.
Kwalba ce mai zane, da mazurari,
da littafin da gara ta ci wa gefe.
Abin da sama ta aikata da dare
ni ke ba shi lamba da safe.

Ran Talata, watan takwas, bayan la'asar,
gabas ta haɗa rai daga wajen Tasawa.
Iska ta fara da kwanon shagon Rabe mai faci,
ta ƙwace wa Habsu faifai har da tsakin,
ta karya reshen bedi a Mokoyo.
Sannan ruwa: arba'in da bakwai.
Gulbi ya tumbatsa, gero ya sha har ya sunkuya.
Kafin isha hadarin ya naɗe tabarmarsa,
ya bi ta Gidan Rumji, ya miƙe yamma,
ko waiwaye babu.

Ƴan unguwa suka ce ya mutu.
Ni na san hanyar ire-irensa:
Ƙonni, Dosso, Yamai,
ƙasar Bambarawa, har inda tudu ya ƙare.
Can ya faɗa teku, ya tarar da ruwa da ɗumi,
ya sha, ya ƙara sha,
ya soma juyi kamar mazari a hannun tsohuwa,
yana kaɗa gajimare, yana ƙiba.

Kwana bakwai cif, sai ga rediyo:
wai sun raɗa masa suna.
Ba rago, ba wanzami, ba goro,
ba wanda ya aiko wa dangi.
Sunan mace ma, harshena ya kasa.
Su can sukan jera sunayen tun ba a yi ciki ba,
daga watan shida har sha ɗaya,
kowace guguwa ta zo ta ɗauki nata.
Namu ne na tara a bana.

Tsahiru na can ƙetaren wannan tekun,
yana dakon akwatuna a tashar jiragen ruwa.
Ya kira. "Baba, an ce mu buga katako a taga.
Kantuna ba burodi, ba kyandir."
Ya turo hoto: farin faifai mai ido ɗaya.
Na daɗe ina duban idon nan.

Na so in ce: ɗan garinku ne.
In ya iso ka gaya masa kai jikan Nomau ne na Bagalam,
geron da ya shayar, da shi za a daka maka gumba.
Abin da ya fito daga bakina:
"Ka cika wayarka da wuta."

Dare uku wayar ba ta shiga.
Uwarsa ta ja carbi har zaren ya tsinke,
muka bi ƙwayoyin da tocila ƙarƙashin gado.
Ni kuwa kullum ƙarfe shida ina gaban kwalba,
ba ko ɗigo,
ina rubuta sifiri kamar mai ba da haƙuri.

Dare na huɗu, murya can nesa, a dishe:
rufi ya tafi, ruwa iya ƙugu,
wani maƙwabci har yanzu ana nema.
"Amma ina nan. Ya damina?"
Na ce, alhamdu lillahi.
Ban ce masa komai kan Talatar ba.

Littafina gida huɗu ne a kowane layi:
rana, sa'a, iska, milimita.
Ba gidan da ake rubuta inda ruwa ya nufa.
Na bar arba'in da bakwai yadda take.

Yau ma gabas ta yi baƙi.
Habsu na kwashe shanya da gudu,
manoma na murmushi,
ni ina wanke mazurari.