Ƙugiya da Baƙa

A Kamba, bayan tashar motocin Gaya,
inda 'yan canji ke zube sefa da naira a tire ɗaya,
nan shagona yake: allo, benci, da begila biyu
da na baro badujalar soja da su,
ɗaya ta lotse a wuya.

Saini ya ƙetaro ranar kasuwa bisa kabu-kabu,
littafinsa cikin leda, Faransanci fal ciki.
Ya ce, Saje Ɗantani, busa na iya,
karatun ma na iya.
Jarrabawar ce za a yi da Ingilishi,
saura mako uku, ga ni.

Na ja layi biyar da alli.
Na ɗiga kai baƙi, na tsayar masa da ƙafa.
Ya ce, wannan nuwar ce, wato baƙa.
Na ce, mu nan kurocet muke ce mata.
Ya girgiza kai har hularsa ta karkace:
kurosh ai ita ce mai ƙugiya a bindi,
rabin wannan take, Saje, duba da kyau.
Na ce, mai ƙugiyar kweba ce, yaro.
Muka tsaya kallon juna
kamar masu cinikin rago ɗaya
kowa da kuɗin ƙasarsu a hannu.

Na ce masa busa kurocet huɗu.
Ya busa kurosh huɗu.
Macin da ya kamata ya taka kamar kurtu
sai ya zura da gudu kamar ɗan akuya ya tsinke igiya.
Mai shayin da ke maƙwabtaka da ni
ya leƙo yana tambaya ko gobara ce.

Kashegari abin ya fi haka.
Na ce, ba ni si.
Ya ba ni si, amma tasu,
wadda ke zaune taki guda ƙasa da tawa.
Sunan ɗaya, gidan daban,
kamar ka aika a kira maka Garba a wannan gari
a kawo maka wanda ba ka bin sa ko sisi.

To, na yarda da abu guda:
mutanensu da ido suka raɗa suna.
Zagayayya, fara, baƙa, mai ƙugiya,
abin da ka gani shi za ka faɗa.
Namu kuwa, samibirib, minim,
shekara talatin ina furta su
ban taɓa tambayar ma'anarsu ba.
Oda ce aka ba ni, na haɗiye.

Ya raba shafi biyu da biro,
hagu na gida, dama na baƙunta.
Ƙugiyar nan ya zagaye ta da ja sau uku
har takardar ta huje.

A mako na uku muka iso wurin da ba a busawa.
Alamar ta yi kama da tsuntsu ya karye a fiffike.
Na ce, wannan res ce, hutu ke nan,
ka sauke begila, ka ƙirga ɗaya.
Ya yi jim. Ya ce, mu supir muke cewa.
Na ce, me take nufi?
Bai sami kalmar da wuri ba,
sai ya ja numfashi, ya sake shi a hankali
irin na wanda ya tuna da wani da ba ya nan.
Na ce, ajiyar zuciya.
Ya ce, ita.

Ya tafi kafin a rufe iyaka da magariba,
ya bar mini ƙullin goro da rabin kuɗin da muka yi.
Ko ya ci, ko bai ci ba, labari bai iso ba tukuna.

Amma jiya da dare na ɗauko lotsattsiyar,
na busa macin da muka raka Kofur Baidu da shi makwanci.
Wurare bakwai ne a cikinsa da ake yin shiru.
Da can hutawa nake yi a kowanne.
Jiya ban huta ba.