Fir'auna Ba Ya Nan

Jikata Tasalla ce ta tasa ni gaba.
An karanta musu a islamiyya
cewa ruwa ya ci Fir'auna, ya tofo gawarsa,
tana can gidan tarihi, kwance cikin gilashi.
Ita kuwa gidan tarihi ɗaya ta sani,
wanda muke wucewa in za mu Unguwar Sarki.

Muka biya, aka yago mana takarda.
Mai zagayawa da baƙi, Dogara, mutumin Kwoi,
siriri, makullai na kaɗawa a ƙugunsa,
ya sunkuya ya ji tambayarta har ƙarshe
bai yi dariya ba.
Ya ce, "Fir'auna ba ya nan, 'yata.
Yana Masar, ga zinariya, ga sanyin na'ura.
Mu nan ko wuta sai ta ga dama.
Amma zo ki gaida wani dattijo."

Ya haska fitilar wayarsa.

Kai ne na yumɓu, ba wuya, ba gangar jiki.
Idanu a huje,
baki a ɗan buɗe
kamar wanda aka katse wa magana
yana jiran a gama ya ci gaba.
Kitson kansa ya haura shekara dubu biyu
ko sili ɗaya bai warware ba.

"Masu haƙar kuza ke tono irinsu a ƙasarmu.
An ce wani ma sai da ya yi damina guda
yana gadin gonar doya,
kafin a gane ko shi wane ne."

"To wane ne?" in ji Tasalla.
"Ba mu sani ba."
"Sarki ne?"
"Ba mu sani ba."
"Mugu ne?"
Dogara ya sosa ƙeya da makulli.
"Fir'auna ya sa an sassaƙa sunansa a kan duwatsu,
shi ya sa har ke kin san laifinsa.
Wannan ko wasali bai bari ba.
Sai dai matso, dubi bayan kunnen nan."

Muka matsa har numfashinmu ya dusashe gilashin.
Ɗan loɓawa ne, bai kai ƙwayar gujiya ba:
shatin babban yatsan maginin,
ranar da yumɓun ke ɗanye,
wataƙila ana kiransa cin tuwo
ya ce bari ya ƙarasa kunne.

Nan ƙirjina ya yi nauyi.
Shekara ashirin da uku na yi a masaƙar Kakuri.
Atamfar da ta bi ta hannuna
da an shimfiɗa ta, ta kai Zariya ta dawo.
An yi goyo da ita, an yi biki, an yi zaman makoki,
babu ƙyallen da ke ɗauke da sunana.
Yau ƙadangaru ke karɓar aikin safe a can,
gamba ta fi tagogi tsawo.
Ƙoshiya ɗaya na tsira da ita,
tana ƙarƙashin gado cikin tsohuwar jarida.

Ban faɗa wa Dogara ba.
Na dai ba shi goro, ya raba biyu,
ya maido mini rabi.

A hanyar komawa hadari ya haɗo ta gabas.
Muna kan gada, kogin ya cika ya yi jawur,
Tasalla ta kama hannuna
tana jujjuya babban yatsana kamar mai tayin kaya.
"Kaka, kai ma za a sa ka a gilashi?"
Na ce a'a, ni ƙasa ce za ta karɓe ni.
Ta yi shiru har muka wuce masu gasa masara.
Sannan ta ce,
"Ai shi ma dattijon ƙasa ce ta karɓe shi.
Tono ka za a yi."

Mai keken ya ƙyalƙyale da dariya,
ya sauke labule, ruwa ya fara.