Manu Huɗu

A rumfar tsofaffin littattafai, bayan Tashar Dukku,
na sayi wani da gara ta cinye wa bango,
labaran Girkawan dauri, naira ɗari uku.
Mai rumfar ya ce tun da ya kasa shi
ba wanda ya taɓa tayawa.

Ban tsaya kan manyan jarumansu ba,
masu ƙona birni don an ɓata musu rai.
Can ƙarshe na yada zango,
inda aka jera ƙananan mutane,
suna ɗaya, mutum biyar:
na farko ɗan wani kogi ne, iyakar labarinsa ke nan;
na biyu mashi ya same shi a rabin layi;
na uku ya riƙe wa wani linzami;
na huɗu, masana na musu ko shi ne na biyun;
na biyar ya haifi wanda aka sani.

Na rufe, na tuna layinmu a Jekadafari.
Manu huɗu gare mu.
Manu mai faci, da baƙi ba ya barin farcensa.
Manu na Ashaka, mai dawowa ran Asabar
da siminti har cikin gira.
Manu Dogo, mai kai kifi daga Dadin Kowa.
Sai ni, mai koyar da lissafi a aji huɗu.

Ranar da ruwa ya ci Manu,
gidanmu labarin ya fara sauka.
Inna ta yi kuka har muryarta ta dushe,
mata sun cika tsakar gida,
sai ga ni da keke, alli a hannun riga.
Ta shafa fuskata, ta yi hamdala da ƙarfi,
kafin wani yaro ya leƙo daga zaure
ya ce ai Dogo ne.
Uwar Dogo na zaune a gefenta,
ita ta kawo mata ruwan wanke fuska.

In wata rana wani ya jera mu,
zai ce: wannan faci, wannan siminti, wannan ruwa,
na huɗun kuwa masana na musu.
Ba zai rubuta kwanon ruwan nan ba,
da yadda ya kife a ƙasa.

Shekara tara ke nan.
In mun haɗu da ita a bakin famfo
sai ta buɗe baki, ta fasa,
ta ce, "Malam, ina gajiya?"