Tudun da Ruwa Ya Ba Mu

Shekarar da gulbi ya ci gari
kakata Tasalla ta hau nan da tukunya a ka,
akuya a igiya, zane jiƙe har ƙirji.
Ba kowa a tudun sai gawo da kurciya.
Ta ce: nan kam, ruwa sai ya nemi tsani.

Sai gyaɗa ta yi kuɗi.
Alhaji Nomau, mai jaki biyu a da,
ya kafa sikeli, ya sayi gonar Arzika
da abin da bai kai kuɗin ƙyaurensa na yau ba.
Da gyaɗa ta kwanta, kamiyo ya gaje ta,
atamfa, shinkafa, taba,
dare ya fi rana sanin hanyar Jibiya.

Yanzu katanga ta tsere wa gawo,
an dasa mata kwalabe kamar haƙora.
Sallama ba ta shiga sai ta bakin gardi.
In an ɗauke kuran, gari ya yi tsit,
nan injuna ke tari har asuba.

Ni ke ba furanninsu ruwa,
bokiti arba'in, ga itacen da ba ya 'ya'ya.
Ran Juma'a Hajiya Tsahara kan miƙo dambu ta ƙaramar ƙofa,
ta tambayi gwiwata, kuma da gaske take.

Da la'asar nakan tsaya inda kakata ta sauke tukunya.
Gareji ne yanzu.
Daga nan ana hango fadama, kore shar,
masu tumatir sun duƙa,
ƙanana kamar tururuwa,
can inda muka fito, mu da su Alhaji.