Kaluluwa

Ranar Talata ƙayar ƙurungu ta soke ni
a tafin ƙafa, can wajen Matan Fada.
Na ce Bakabe ba ya kuka don ƙaya,
na ɗaure da tsumma,
na ɗauki homa da gora na koma ruwa.

Kwana uku ƙafa ba ta ce komai ba.
A na huɗu na tashi da baƙuwa a gindin cinya,
da safe ƙwallon magarya,
kafin la'asar ta kai goro.
Ina tafe ina buɗa ƙafa kamar agwagwa,
yaran unguwa na dariya.
Inna Tumba ta taɓa, ta ce: kaluluwa.

Na ce, to ina ruwan cinya da laifin tafin ƙafa?
A can aka yi ɓarna, a nan ake biyan diyya?

Malamar asibitin Argungu, 'yar gidan Maidamma,
ta wanke miki, ta matse ruwan da ya taru,
ta dube ni ta saman tabarau.
Ta ce, kai da ka san ruwa, saurara.
Ban da jini akwai wasu 'yan ƙoramu a jikinka,
ruwansu garau, tafiyarsu a hankali.
A kowace mahaɗa an kafa undurutu:
a wuya, a hammata, a nan inda kake dafewa.
Duk ƙazantar da ta shigo ta ƙofar miki
nan take faɗawa.
Masu gadi na ciki, farare, ba sa barci,
in sun kama baƙo sai su kira 'yan'uwa,
gida ya cika, bango ya kumbura.
Zafin nan da kake ji, hayaniyar kokawa.

Na yi dariya, har ta ce:
wadda ke ciwo ta zo da sallama,
miki ya warke, ta koma inda ta fito.
Amma wadda ta zo shiru,
tauri kamar tsakuwa, ba ta gusawa,
wata ya fita, wata ya kama, tana ƙaruwa,
ga zufar dare, ga rama,
wannan kada a kwana da ita ana jira.

Nan dariyata ta nutse.

Yayana Nomau ya yi damina biyu da tasa
a ƙasan kunne, yana rufe ta da rawani.
Mu ce masa yaya, ya ce ai ba ta ciwo.
Muka yarda, don mun ɗauka ciwo ne ma'aunin cuta.
Rigarsa ta yi masa yawa, tabarmarsa kullum jiƙe.
Ranar da muka kai shi Birnin Kebbi
likita ya daɗe yana kallon takarda
kafin ya tambaye mu abin da ya hana mu zuwa.
Homarsa na nan rataye a zaure,
gizo-gizo ya ƙara mata saƙa.

Tawa ta sace bayan sati,
ƙwayoyi goma sha biyar da ruwan ɗumi.

Yanzu in na dawo daga gulbi,
ɗan Nomau ya rugo ya karɓi gora,
nakan riƙe shi kamar wasa,
in shafa wuyansa, in shafa ƙasan kunne.
Shi ya ɗauka cakulkuli ne, yana ta ƙyalƙyala.
Ni kuwa yatsuna suna tambaya,
kamar yadda nake lalube a ƙarƙashin ruwa.